Yadda Ake Saƙa Molikul da Taimakon Ƙarfe: Jagora ga Ɗaliban Kimiyyar Sinadarai daga Ngaundere zuwa Njamena

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar maƙerin azurfa a kasuwar Marwa ko ta Garwa ya ga yadda ake ƙera sarƙa: a lanƙwasa waya ta zama zobe, a zura wata wayar ta cikinsa, sannan a haɗe bakinta. Zoben nan biyu ba a liƙe suke da juna ba, amma babu mai raba su sai ya karya ɗaya. Masana kimiyyar sinadarai sun daɗe suna son yin irin wannan aiki da molikul, wato dunƙulen ƙwayoyin zarra wanda faɗinsa bai wuce nanomita ɗaya ko biyu ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), sai dai su ba su da awartakin da zai riƙe abu mai wannan ƙanƙanta. A 1960 Edel Wasserman ya gwada a Amurka ta hanyar dogara da sa'a, ya rufe dogayen zaruruwa a cikin taron zobba da fatan wani zai rufu a cikin wani, kuma abin da ya samu an ƙiyasta shi da kusan kashi ɗaya cikin miliyan. Sai a 1983 Jean-Pierre Sauvage da Christiane Dietrich-Buchecker, a birnin Sitrasbur na Faransa, suka sa ƙwayar jan ƙarfe ta yi aikin awartaki, suka samu kashi 42 cikin 100. Wannan sarƙa mai zobe biyu ita ake kira katenan, kuma tana cikin abin da ya sa Sauvage ya raba kyautar Nobel ta 2016 da Fraser Stoddart da Ben Feringa.

Na rubuta wannan jagora ne dominku, ɗalibanmu da ke karanta wannan fanni da Faransanci, waɗanda sau da yawa kuke ganin hotunan ƙulle-ƙullen molikul a mujallu ku ɗauka aikin wasu ne can nesa. Rabin farko na aikin yana yiwuwa a ɗakin gwaji mai sauƙin kaya, kuma a ganina shi ne rabin da ke ɗauke da fahimtar.

Ku fara da igiya, kafin ku taɓa kwalba ko ɗaya

Ku samo igiyoyi biyu masu launi daban da 'yan matsen shanya. Ku ɗora igiya ɗaya a kan ɗaya a gicciye, ku matse wurin, sannan ku ɗaure bakin kowace igiya da ɗayan bakinta ta yadda za ta kewaye ɗayar igiyar. Idan kuka cire matsen za ku ga zobba biyu a sarƙe, da gittawa biyu. Matsen shi ne ƙarfe, igiyoyin su ne zaruruwan sinadarin da ke kama ƙarfe, waɗanda ake kira ligan. Yanzu ku tufka igiyoyin, ku sa matse biyu a jere, ku haɗa bakunan: igiyar za ta zama ɗaya tilo mai ƙulli, da gittawa uku. Da matse uku za ku koma zobba biyu masu gittawa huɗu, siffar da ta yi kama da dagin da masu ɗinki ke sawa a ƙirjin babbar riga, wadda a littattafai ake kira sarƙar Sulaimanu. Da matse huɗu kuwa ƙulli mai gittawa biyar ne, mai siffar tauraro.

Ƙa'idar da hannunku zai gano ita ce: a tufka mai zare biyu, gittawa idan adadinta ya rabu biyu daidai zobba biyu ake samu, idan bai rabu ba ƙulli ɗaya ne. Kada ku raina wannan mataki. Na sha ganin ɗalibi ya zana kyakkyawan tsari a takarda, amma da aka ɗaura shi da igiya aka girgiza sai ya warware ya zama zobe fili, domin ya haɗa bakunan da ba su ba ne. Ku lura kuma cewa ƙulli mai gittawa uku iri biyu ne, na dama da na hagu, kuma duk juyin da za ku yi ɗaya ba zai koma ɗaya ba. Wannan zai yi muku amfani a wurin tabbatarwa.

Zaɓen ƙarfe

Kowane ayon na ƙarfe, wato ƙwayar zarra mai caji, yana da adadin haƙoran zare (ƙwayoyin da zare ke kama ƙarfe da su) da yake karɓa da kuma kusurwar da yake jera su, kuma wannan ɗabi'a tasa ita ce ke tsara saƙar. Jan ƙarfe mai caji ɗaya, Cu(I), yana karɓar ƙwayoyin naitirojin huɗu a siffar dala mai fuska huɗu, saboda haka idan zare biyu masu haƙora bibbiyu suka kama shi, dole ɗaya ya gitta ɗaya a tsaye. Baƙin ƙarfe mai caji biyu, Fe(II), yana karɓar shida. Faladiyom da filatinom masu caji biyu suna karɓar huɗu a shimfiɗe, kamar kusurwoyin tabarma, don haka sun dace da gina kusurwa mai digiri 90. Tutiya mai caji biyu, Zn(II), ba ta da tsauri, takan karɓi huɗu ko biyar ko shida.

Wannan ba abin haddacewa kawai ba ne, kuna iya ganinsa da idonku da gwajin da Paul Job ya tsara a 1928. Ku narkar da miligiram 78 na gishirin Mohr, wanda ke ɗauke da Fe(II), a lita ɗaya ta ruwan asetat mai pH kusan 4.5, ku ƙara ɗan asid askobik domin kada ƙarfen ya koma mai caji uku. A wata litar ta irin wannan ruwa ku narkar da miligiram 40 na fenantirolin mai ruwa ɗaya, wanda ligan ne mai haƙora biyu. Kowanne ya zama milimola 0.2 ke nan. Ku jera bututun gwaji, ku zuba mililita 1 na ruwan ƙarfe da 9 na fenantirolin a na farko, 2 da 8 a na biyu, haka har ƙarshe, jimillar kowanne mililita 10, sannan ku ƙara wani guda mai 2.5 da 7.5. Bayan kamar minti goma launin ja mai ruwan lemo zai bayyana, kuma zai fi kauri a wannan bututu na ƙarshe, wato inda fenantirolin uku suka kama ƙarfe ɗaya. Idan akwai na'urar auna haske ku auna a nanomita 510, ku zana sakamakon, kololuwar za ta faɗa inda kason fenantirolin ya kai 0.75. Babu wanda ya umarci ƙarfen ya ɗauki uku. Shi ya zaɓa, kuma duk ƙwayoyin da ke cikin bututun sun yi zaɓi iri ɗaya. Abin da ake nufi da haɗuwar kai da kai ke nan.

Daga nan ku maimaita da jan ƙarfe da neyokufuroyin, wanda fenantirolin ne da aka ƙara wa reshen metil a matsayi na 2 da na 9. Ku narkar da shi a etanol, ku sauko da jan ƙarfen zuwa caji ɗaya da asid askobik. Launin zai fito rawaya mai ruwan lemo, ana auna shi a wajen nanomita 450, kuma kololuwar za ta koma kusan 0.67, wato biyu ga ɗaya. Rassan metil ɗin nan suna hana zaruruwan biyu kwanciya a shimfiɗe, suna tilasta musu gittawa. Abin da ke cikin wannan bututu shi ne ainihin zuciyar katenan ɗin Sauvage, illa dai shi ya sa zobban fenol a wurin metil domin ya samu bakin da zai ɗaure.

Tsara zaren

A nan ne yawancin ayyuka ke lalacewa tun kafin a fara. Zare yana buƙatar wurin kama ƙarfe, da tsani mai raba wurin kamu ɗaya da na gaba, da kuma baki mai iya ɗauruwa. Tsanin shi ne mai wahala. Idan ya yi laushi da tsawo, zare ɗaya zai naɗe ƙarfe ɗaya shi kaɗai, tufka ba za ta samu ba. Ƙullin farko mai gittawa uku da Dietrich-Buchecker da Sauvage suka haɗa a 1989 tsaninsa sarƙar kabon huɗu ce mai laushi, kuma kashi 3 cikin 100 kawai aka samu. Da suka musanya shi da zoben benzin mai tauri, wanda ke tilasta wa zaren ya miƙa zuwa ƙarfe na biyu, sai abin ya haura zuwa kusan kashi 30. Ƙarfen bai sauya ba, tsanin kawai aka gyara.

Kafin ku sayi sinadari ko ɗaya, ku gina zarenku a kwamfuta. Manhajar Avogadro kyauta ce, haka ma Mercury ta cibiyar adana bayanan kiristal da ke Kambirij tana da sigar kyauta. Ku buɗe tsarin wani haɗi da aka riga aka wallafa, ku auna tazarar da ke tsakanin bakunan da kuke son haɗawa, sannan ku zaɓi gadar da tsawonta ya kai wannan tazara amma bai kai ga wani bakin da ba ku so ba.

Haɗawa, da barin kuskure ya gyara kansa

Wannan shi ne matakin da nake so ku fi riƙewa. Mai saƙar zana idan ya ga kara ya bi ta inda bai kamata ba, yakan zare shi ya mayar. A cikin kwalba babu mai zarewa, don haka dole haɗin da ke tsakanin ƙarfe da zare ya zama mai kwancewa yana sake ɗauruwa. Tsarin da ya karkace yakan warware, wanda ya zauna daidai yakan daɗe, har a ƙarshe kusan komai ya taru a siffar da ta fi kowace natsuwa. Aikinku shi ne ku samar da yanayin da wannan kwancewa da ɗauruwa za su ci gaba, ku kuma ba su lokaci.

Ƙungiyar Jean-Marie Lehn ta nuna haka a fili a shekarun 1990. Sun dafa zare mai wurin kamu uku da baƙin ƙarfe a cikin etilin gilaikol a digiri 170, kuma abin da ya fara fitowa miƙaƙƙiyar tufka ce mai zare uku. Da aka ci gaba da dafawa sai ta warware ta koma zagayayyiyar tufka. Wanda ya sauke kwalbarsa da wuri zai tafi da abin da bai nema ba. Sun kuma gano cewa ayon mai kishiyar caji yana da ta cewa: da kulorid zagayen mai ƙarfe biyar ne, kulorid ɗin na zaune a tsakiya, da salfet kuwa mai shida ne. A kan wannan ne ƙungiyar David Leigh ta gina ƙulli mai gittawa biyar da aka wallafa a 2012, inda ƙarfe biyar, kulorid ɗaya da guntayen zare goma suka haɗu suka ba da madauki mai ƙwayoyin zarra 160, da kashi 44 cikin 100.

Kaurin ruwan haɗi ma yana juya sakamako. A 1994 Makoto Fujita a Jafan ya haɗa faladiyom da zare mai bakin firidin biyu a cikin ruwa zalla. Da ruwan ya yi tsinkakke, ƙasa da milimola 2, zobba ne ɗai-ɗai. Da ya yi kauri, sama da milimola 50, sai zobban suka shige cikin juna, domin sassansu masu ƙin ruwa suna neman inda za su ɓuya. Saboda haka kada ku yi gwaji ɗaya ku yanke hukunci. Ku yi aƙalla kauri uku daban-daban, ku rubuta zafin da lokacin kowanne.

Idan da Cu(I) kuke aiki, gishirin da aka saba shi ne mai asetonaitiril huɗu. Fari ne idan yana da kyau, idan ya soma kore ko shuɗi to iska ta lalata shi. Ku kori iskar oksijin daga ruwan narkarwa ta hanyar busa naitirojin ko argon, ku zuba ruwan ƙarfen a kan na zaren a hankali, ku kiyaye ma'auni daidai, zare biyu ga ƙarfe ɗaya. Launin ja mai duhu da zai bayyana nan take alama ce mai kyau.

Akwai abin da littattafan Turai ba sa faɗa muku. Idan suka ce zafin ɗaki suna nufin digiri 20 zuwa 25, alhali a Marwa da Kusiri da Njamena watan Afrilu yakan wuce 40. Dayikulorometen yana tafasa a wajen digiri 40, dayetil ita (éther diéthylique a littattafanku) kuwa a wajen 35. Na taɓa barin haɗi a dayikulorometen da bazara, na dawo washegari na tarar da busasshen dabe a gindin kwalba, kaurin da na auna da kulawa ya tafi a banza. Tun daga nan nakan fifita asetonaitiril, mai tafasa a digiri 82, ko metanol mai 65, in dai sinadarin ya yarda ya narke a ciki, nakan kuma ajiye ma'aunin zafi kusa da kwalbar in rubuta abin da ya nuna safe da yamma.

Rufe bakin zare

Tufkar da ƙarfe ke riƙe da ita ba ƙulli ba ce tukuna, sai an ɗaure bakuna. Hanyar Sauvage ta farko ita ce haɗa bakin fenol da gadar gilaikol mai ayodin a kowane gefe, a cikin ruwan narkarwa na DMF da sisiyom kabonet, ana ɗiga gadar a hankali na tsawon sa'o'i cikin ruwa mai yawa, domin kowane baki ya sami ɗan'uwansa na kusa kafin ya gamu da na wata ƙwayar. Wanda ya zuba gadar gaba ɗaya zai samu dogayen sarƙoƙi masu danƙo. Daga baya aka koma ga hanyar Robert Grubbs, inda mai saurin haɗi na ruteniyom ke ɗinke bakuna biyu masu haɗin kabon ninki biyu, kuma da ita ƙulli mai gittawa uku ya kai kashi 74 a ƙarshen shekarun 1990.

Hanya ta uku ita ce ta haɗin imin, wanda ke samuwa tsakanin aldehaid da amin, kuma shi kansa yana kwancewa ya ɗauru, don haka saƙa da rufewa suna faruwa a tukunya ɗaya. Mafi kyawun misalinta zobban Borromeo ne da ƙungiyar Stoddart ta wallafa a 2004: zobba uku waɗanda babu biyu daga cikinsu da ke sarƙe da juna, amma ukun ba sa rabuwa, idan aka yanke ɗaya sauran biyun su zube. Guntaye 18 ne suka haɗu a cikin metanol, shida daga cikinsu ayon na tutiya, aka samu haɗin imin 12 da haɗin ƙarfe 30. Ku gwada yin wannan siffa da igiya uku, za ku gane girman abin da kwalbar ta yi ita kaɗai.

Cire ƙarfe ba dole ba ne, amma shi ke nuna cewa saƙar tana tsaye da kanta. Ga baƙin ƙarfe da tutiya akan yi amfani da EDTA, sinadarin da ke ƙwace ƙarfe daga zare, sai dai idan haɗin imin ne sai an fara daskarar da shi da sodiyom borohaidiraid, in ba haka ba komai zai wargaje. Ga jan ƙarfe an saba da fotasiyom sayanaid, kuma a nan ina roƙonku da babbar murya: guba ce mai kisa, idan ta taɓa asid tana fitar da iska mai kashewa nan take. Kada ɗalibi ya taɓa ta sai a ƙarƙashin akwatin zuƙe iska mai aiki, malaminsa na tsaye, kuma ba a lokacin da ake fargabar ɗaukewar wuta ba. Inda waɗannan ba su cika ba, a bar ƙarfen a ciki.

Tabbatarwa

Zobe fili da ƙulli na iya samun nauyi ɗaya da ƙwayoyin zarra iri ɗaya, saboda haka launi da nauyi kaɗai ba hujja ba ne. A na'urar NMR, wadda littattafanku ke rubutawa RMN, ku nemi alamun haidirojin na zobban benzin da suka matsa zuwa ƙananan lambobi, domin a cikin saƙa zobban suna kwanciya a kan juna suna kare juna. Layuka kaɗan masu kaifi suna nuna siffa guda mai tsari, tarin layuka masu faɗi suna nuna cakuda. A na'urar auna nauyin molikul katenan tana da tambari nata: bayan alamar cikakkiyar ƙwaya babu komai sai alamar zobe ɗaya, domin da zarar zobe ya tsinke ɗayan yakan zame ya fita lafiya. Ga ƙulli mai dama da hagu kuwa, haidirojin biyu da ke kan kabon ɗaya sukan daina zama iri ɗaya, su fito da alamu daban.

Hujjar ƙarshe ita ce kiristal da hasken X. Ku narkar da 'yan miligiram na haɗinku a asetonaitiril, ku tace ta auduga mai tsabta zuwa ƙaramar kwalba, ku bar bakinta a buɗe, ku sa ta cikin babbar kwalba mai ɗauke da ruwan da haɗin ba ya narkewa a cikinsa, ku rufe babbar sosai. Tururin zai riƙa shiga a hankali har kiristal ya fara tsiro. A zafinmu dayisofurofil ita, mai tafasa a wajen digiri 68, ta fi dayetil ita dacewa. Tacewar tana da muhimmanci musamman da hunturu, domin kowace ƙwayar ƙura kan zama tushen ƙaramin kiristal, ku ƙare da gari maimakon ƙwaya ɗaya mai kyau. Bambancin zafin rana da na dare ma yana narkar da abin da ya tsiro, don haka ku binne gindin kwalbar a yashi cikin akwatin sanyaya ruwa, ku ajiye inda babu girgiza, kuma kada ku sa ita a firijin gida, domin tartsatsin wutarsa na iya kunna tururin. Ku bar ta mako ɗaya ko biyu ba tare da ɗagawa ba.

Irin waɗannan kiristal rabinsu ruwa ne, idan suka bushe sukan farfashe cikin daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa ba sa watsa hasken X da ƙarfi, shi ya sa ake kai su manyan cibiyoyin haske irin na Girenobul a Faransa, waɗanda har yanzu babu irinsu a Afirka. Idan za ku aika wa abokan aiki, ku aika su cikin ruwan da suka tsiro, ku cika ƙaramar kwalbar har wuya domin kada su yi ta karo a hanya, ku naɗe murfin, ku haɗa da takarda mai ɗauke da sunan ruwan narkarwa, ayon mai kishiyar caji, da zanen tsarin da kuke tsammani. Ku riƙe rabin kiristal ɗin a wurinku har sai an sanar da ku cewa na farkon sun isa lafiya.